Alhaji Zai Sayi Injin Shara

(Kasuwar Sabon Gari, Kano, ana tsakiyar hunturu. Alhaji ya shigo shagon kayan lantarki yana baza babbar riga, direbansa na biye.)

ALHAJI: Yaro, ina injin nan mai zuƙe ƙurar kafet? Amarya ta ce tsintsiya ta ishe ta. Yawwa, ga shi, 2000 W. Na maƙwabcina 1400 ne. Ɗaure min wannan.

MAI SHAGO: Ranka ya daɗe, wat ɗin nan yawan wutar da yake ci ne, ba ƙarfin zuƙarsa ba.

DIREBA: Ƙanen Hajiya ke nan. Malmala uku a zama ɗaya, amma buhun masara ya gagare shi.

ALHAJI: Kai, wa ya sa da kai?

MAI SHAGO: Ai Tarayyar Turai tun 2017 ta hana sayar da sabon injin gida mai waya da ya wuce wat 900, kuma ɗakunansu ba su fasa yin fes ba. In zuƙa kake nema, duba inda aka rubuta AW ko kPa. Wane janareto ne a gida?

ALHAJI: (ya gyara murya) Babban yana wajen gyara.

DIREBA: Tun azumin bara. Yanzu ɗan ƙaramin nan muke ja, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai.

MAI SHAGO: Wannan ko wat 1000 bai kai ba. Ana jona injin zai yi tari biyu ya mace.

ALHAJI: To ba ni jan can. Na ji an ce daga Amurka aka kawo shi.

MAI SHAGO: Na hannu ne, an riga an yi amfani da shi, kuma duba gindinsa, 120 V. Wutarmu 230 ce. In ba ka haɗa shi da taransifomar rage wuta ba, sai dai ka ga hayaƙi.

DIREBA: Allahu akbar! Ashe abin da ya kashe injin markaɗen da aka kawo wa Hajiya tsaraba ke nan. Mu kuwa har rubutu aka yayyafa a kicin, wai sammu ne.

ALHAJI: Za ka koma ƙauyenku a ƙafa. Yaro, wannan HEPA ɗin fa? Ita ma ɗaukewa take yi kamar NEPA?

MAI SHAGO: A'a, Alhaji, matatar ƙura ce. Tana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙurar da ido ba ya gani. Injin da matatarsa ba ta da kyau, ya zuƙe ta gaba ya feso maka ta baya. In akwai mai asma a gida, a wannan hazon, kar ka yi wasa da ita.

ALHAJI: Autana yana da ita. Sa min HEPA ɗin. Shi ke nan?

MAI SHAGO: Saura ɗaya. Mai jaka ko marar jaka? Mai jaka in ta cika sai a yar a sayi wata.

ALHAJI: A sake sayen me? Marar jaka!

MAI SHAGO: To shi sai an riƙa zazzage tukunyar, a wanke matatar, a bari ta bushe sarai. Mai zazzagewa kuwa zai sha ƙura.

(Alhaji da mai shago suka juyo suna kallon direba.)

DIREBA: Ni tuƙi aka ɗauke ni, ranka ya daɗe.

(Waya ta yi ƙara. Alhaji ya duba, ya cire hula, ya share gumi.)

ALHAJI: Na'am, Hajiya... A'a, wucewa kawai nake yi... Wa ya faɗa miki?... To. To, na ji. (ya kashe) Yaro, irinsa guda nawa ne a shagon?

MAI SHAGO: Biyu, ɗaya ja, ɗaya shuɗi.

DIREBA: Uku za a nemo, kuma launi ɗaya. Bara a kan launin bokiti ta tsakiya ta yi yaji wata biyu.