Ni da zaɓen masaukin Kawu a Suwizalan

Kun dai san Kawu, tunda ya sayar da riɗinsa a Maigatari babu mai jin kansa. Ɗansa na Jamus ya ce ya zo hutu su je wasan zamiya a kan ƙanƙara, shi kuma ya ce ni zan zaɓo masauki tunda ni ne mai ido a waya, kuma wai kar in kawo masa na talakawa. Na hau tudun bayan firamare inda sabis ke kamawa, na ƙona data, na samo wani gidan katako a garin Zermatt na Suwizalan, da murhun itace a falo, da kuku, da kwamin ruwan zafi a waje tsakiyar ƙanƙara, in ka buɗe taga ga dutsen Matterhorn mai tsayin mita 4,478 yana kallonka.

Da daddare a teburin mai shayi, hunturu na kaɗawa kowa ya ƙudundune, na faɗi kuɗin gidan na sati, na miƙa wayar ana ta zagayawa da ita ana salati. Kawu ya ce, "Mota fa, har ƙofa za ta kai ni? Ka san gwiwata." Na gyara hula na ce, "Har ƙofa Kawu, har da gareji."

Sai kawai ɗan gidan mai unguwa, wanda ko sallama bai yi ba, ya ce ai Zermatt ba a shiga da mota, a ƙauyen Täsch da ke kusa ake ajiyewa a hau jirgin ƙasa, cikin gari sai 'yan ƙananan motocin lantarki. A hankali ya faɗa fa, yana juya cokali a kofi, ko kallona bai yi ba. Na ce ƙarya ne, ya karɓi WAYATA, da datata, ya buɗe ya nuna wa Kawu. Bai tsaya nan ba, ya ja ƙasa ya ce kuɗin da na faɗa na dare ɗaya ne ba na sati ba, kuma faran ne na Suwizalan wanda ya fi dala tsada. Mai shayi ya yi dariya har ya zubar da madara, wani tsoho da ban ma san yana ji ba ya ce "gareji" daga cikin bargo, aka sake fashewa.

Wai yaron nan da ya ari injin ban-ruwana tun noman rani, ya dawo da shi babu tiyo, har yau in mun haɗu sai ya ce "Yaya ana kan nema." Shekara ɗaya ya yi a Dutse ya dawo yana gyara wa manya magana. Ubansa ma haka yake, ku tambayi masu gonar bakin fadama.

Kawu dai ya ce sanyin nan namu ma ya ishe shi, Umara zai tafi. Kuɗin datata kuma ya ce sai ya sayar da wake.