Ku Daina Yi wa Mai Rabon Kayan Sata Addu'a

Shekaranjiya da daddare, a wani zauren WhatsApp da nake ciki, wani matashi ya watso cikakken littafin da wata marubuciya take sayarwa naira dubu ɗaya, nan take jama'a suka yi layi suna cewa "Allah Ya saka da alheri." Wane alheri? Baiwar Allahn nan ta shafe watanni tana buga labarin da yatsa a kan waya, ta kuma rubuta a saman kowane babi cewa ba ta yafe wa duk wanda ya fitar mata da shi ba, amma aka tsallake gargaɗin kamar ba a gani ba.

Ƙannena, wannan ɗabi'a ta "turo min" ita ce take ci mini tuwo a ƙwarya. Ita ce ta taimaka wajen durƙusar da kasuwar fina-finai ta Ƙofar Wambai, inda a da furodusa yake kai fim ya mayar da kuɗinsa. Yau fim zai fito da safe, kafin la'asar 'yan downloading sun loda shi a katin waya, wasu sun zuba shi a Telegram: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kada mai karɓa ya ce shi ba ruwansa, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin takaicin ma, wanda yake kukan ba shi da dubu ɗaya, shi ne yake ƙona ninkinta a cacar ƙwallo da sayen data don bin tsegumin mutane.

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023, ta bai wa mai aiki damar neman a sauke abin da aka ɗora masa a intanet ba da izininsa ba, kuma tana kare littafi har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa, wato da haƙƙin marayu a ciki. Ko hukuma ba ta kama ku ba, alhaki kwikwiyo ne. Ku ji tsoron Allah, ku saya ko ku haƙura.

Mu da muka taso, ko ƙwandala yaro ya shigo da ita gida sai uwarsa ta tsare shi ya faɗi inda ya samo. Yanzu uwa ce da kanta take miƙa wa ɗanta waya ta ce ya je a tura mata sabon fim.