Akuyar uwargida da kuɗin asibiti

Akwai maganar da 'yan'uwanmu na birni suke saurin faɗa idan suka ji wani gida a ƙauye yana jimamin dabbar da ta mutu, wato ai dabba ce kawai, Allah ya mayar da alheri. Addu'ar tana da kyau, amma farkon maganar yana nuna cewa mai faɗinta ya manta yadda ake rayuwa a karkara, musamman a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, sauro kuma ya cika ko'ina.

A wani ƙauye na ƙasar Ringim, maƙwabtan danginmu sun ga jarrabawa uku cikin mako guda. Ruwa mai ƙarfi ya kayar da bangon ɗakin uwargida, awakinta suka fara gudawa da majina suna ƙin cin ciyawa, sannan 'yar autarsu ta kwanta da zazzabi mai zafi har ta fara jijjiga. Da aka kai ta asibiti, sai aka ce zazzabin cizon sauro ne ya yi tsanani, jininta ya yi ƙasa, dole a yi mata allurai a kuma ƙara mata jini. Kuɗin babur ɗin da ya kai su ma abin dubawa ne, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, fita daga ƙauye zuwa gari ta zama hidima mai zaman kanta.

A irin wannan hali kowa ya san abin da ake yi: maigida ya nemi izinin matarsa, tunda galibi awaki na mata ne, ya ja ɗaya zuwa kasuwar Gujungu ranar Lahadi, ya dawo da kuɗin magani. To amma wa zai sayi akuyar da bayanta ya ɓaci da zawo, idanunta suka cika da kwantsa, bakinta ya yi gyambo? Dillali yana hango ta daga nesa zai kau da kai, mahauci kuwa zai yi tayin da bai kai kuɗin ɗan akuya ba, domin ya ga matsuwa a fuskar mai ita. Ƙarshenta sai maigidan ya karɓi bashin da zai biya da gero a kaka, a farashin da mai ba da bashin ya yanka, wato an fara cin amfanin gonar tun yana tsaye.

Na ji cewa wasu daga cikin matan da suka je jaje sun yi tsegumin uwargidan, wai an gan ta ta dawo daga asibiti, ta bar yarinyar a hannun kakarta, ta tsuguna a turke tana ɗura wa awaki ruwan kanwa tana hawaye. A ganina ba su yi mata adalci ba. Matar nan ta san cewa ledar jinin da aka ɗaura wa 'yarta, da itacen da za a gyara ɗakinta, da hatsin da za a auna kafin kaka, duk a turken nan suke ɗaure. Ban da haka, akwai tausayin da addini ya ɗora wa duk wanda ya ɗaure dabba, kuma wanda ya raini akuya tun tana shan nono ba zai iya kallonta tana nishi ya wuce ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne cutar da ta kama awakin, wadda alamunta suka yi daidai da annobar awaki da tumaki da likitocin dabbobi ke kira PPR, tana da rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana sarrafa allurar, kuma guda ɗaya tana kare dabba shekaru da dama. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar da ake son kawar da cutar, kamar yadda aka ayyana kawar da 'yar'uwarta ta shanu a 2011. Matsalar ita ce kwalba ɗaya ta dabbobi masu yawa ce, tana buƙatar sanyi, kuma idan aka haɗa ta dole a ƙarar da ita nan take, saboda haka mace mai awaki huɗu ba za ta iya ɗaukar nauyin abin ita kaɗai ba. Sai unguwa ta haɗa kai, mai unguwa ya sa a yi sanarwa a masallaci, a tara dabbobi rana guda a kira malamin dabbobi.

Haka lamarin yake a ɓangaren yara. Kowace damina ana bi gida-gida ana raba maganin rigakafin zazzabi ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, ma'aikaci ya ba da na ranar farko, a bar wa uwa na kwana biyun da suka rage, amma gidaje da yawa sukan cusa sauran a bayan kwalla su manta. Nan kam laifin namu ne.

Ga masu aiki a Kano da Dutse da Abuja, da muke cika mota da shinkafa da turamen atamfa idan an yi suna ko rasuwa, kuɗin da zai yi wa awakin unguwa guda allura kafin ruwa ya sauka bai kai abin da muke kashewa a tafiya ɗaya ba. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu za su iya sa wannan a lissafinsu na watan Afrilu ko Mayu, su tuntuɓi ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma tun dabbobin suna da lafiya, domin allurar ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu.