Canza suna ba ya mayar da labari naka

Matasan marubutan Kano da ke sakin labari a Wattpad (dandalin rubuta labarai da karanta su a intanet) da WhatsApp, da yawansu sun ɗauka in ka rubuta wa fim ɗin Indiya ci gaba, ka raɗa wa jarumin Auwalu, ka kai shi Fagge, shi ke nan ya zama naka. Sam, ba haka ba ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ba ta hana aron jigo ba, soyayyar talaka da 'yar mai kuɗi ta kowa ce. Tsarin mai labarin na asali ta kare, yadda ya jera aukuwa da zance. Wannan za ka rushe tun daga tushe. Bar Auwalu ya yi fama da kuɗin lefe da ubangidansa na Kantin Kwari, su juya akalar labarin.