Wasan mota a Kano: a ba samarin nan fili, amma a fara da duba birki

Duk mazaunin Kano ya san ƙarar nan ta yammacin Asabar ko ranar ɗaurin aure: ƙugin taya a kwalta, hayaƙi ya turnuƙe, samari sun yi da'ira suna ɗauka a waya. A hana, a kama, bayan 'yan makonni a dawo. Ni a ganina hani kaɗai ba zai kashe abin ba, domin son gudu ya daɗe a garin nan. Doki an ware masa Filin Sukuwa da filin folo, an sa masa ƙa'ida. Mota ce aka bari a titi ɗaya da 'yan adaidaita sahu da yara masu talla, kuma idan ta ƙwace su take kwashewa.

A Ingila da Jamus da Afirka ta Kudu, mutum da motarsa ta zuwa aiki yakan biya kuɗi a ƙarshen mako ya shiga filin tsere kamar Silverstone ko Kyalami. A Nürburgring ta Jamus, zagaye ɗaya ya kai kilomita 20.8. A irin waɗannan ranaku ana raba direbobi gwargwadon ƙwarewa, kowane rukuni ya yi minti 15 zuwa 20 ya fito. Sabon shiga akan haɗa shi da mai koyarwa a gefensa, kuma ba ya wuce wani sai a miƙaƙƙiyar hanya. Tuta ce ke magana: ruwan ɗorawa a rage gudu kada a wuce kowa, ja a tsaya, baƙa kuma kai ake kira, ka fito.

Ba mu da irin wannan fili a Kano, kuma gina shi ba ƙaramin kuɗi ba ne. Amma akwai nau'in da ba ya bukatar haka. A samu fili mai kwalta da aka killace, a jera robobin nan na kan hanya su zama kwanonin da mota za ta sha, mota ɗaya ta shiga a lokaci guda, agogo ya yi hukunci. Wanda ya ture roba a ƙara masa daƙiƙa 2. Yawancin zagayen a giya ta biyu ake yinsa, gudu ba ya kai kilomita 100 a awa. A nan ake gane direba, don mai tsohuwar Corolla da ya iya kwana zai iya doke mai Benz da bai san komai ba sai taka totur. 'Yan kallo su tsaya bayan shinge, kuma kada a bar kowa a wajen kwana, domin can mota ke nufa idan ta ƙwace.

Abin da ya fi damuna shi ne motocin kansu. Samarinmu kuɗinsu a salansa mai ƙara da fenti yake tafiya, alhali abin da ke fara gazawa birki ne. Man birki yana shan danshin iska a hankali. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai a kalla digiri 230, amma idan ya sha ruwa yakan sauko kusan 155. Taka birki da ƙarfi sau da yawa a jere yana kai zafin nan cikin man, ya tafasa ya yi kumfa, sai ka taka ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa babu komai. Motoci da yawa a garin nan tun da aka sauke su daga Kwatano ciko kawai ake yi musu. A zubar da tsohon gaba ɗaya, a zuba sabo daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba (lita ɗaya ta ishi ƙaramar mota), a fitar da iska taya bayan taya, a fara da wadda ta fi nisa da tukunyar man. Takalmin birkin da ya cinye fiye da rabi a canza shi kafin a shiga.

Sai taya. A gefen kowace akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Taya ta hannu da ta haura shekara 5 ko 6, ko da zanenta na nan, robar ta bushe, kuma kwaltar Kano ta watan Afrilu, lokacin da zafi ke taɓa digiri 40, ba ta raga mata. Masu faci da yawa suna dura iska har 45 ko 50, wai don ta yi ƙarfi. A bi adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, a auna da safe tana sanyi, a sake aunawa da zarar an fito, domin zafi kan ƙara mata 4 zuwa 6. Notin taya kuma ba da tsalle a kan sifana ake ɗaure shi ba. Na Corolla kusan 103 Nm ne (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), a ɗaure da sifana mai awo. Lokacin hunturu a share filin, ƙurar da ta kwanta tana sa santsi kamar an watsa ruwa.

Lagireto a zuba masa ruwan sanyaya inji na gaske, a duba robobinsa ko sun kumbura, a tabbatar fanka na tashi. Baƙin mai ya kai layin sama na sandar awo, don a doguwar kwana yakan karkata gefe guda famfo ya zuƙi iska, nan take inji ya buga. A kwashe komai daga cikin mota, har tabarmar ƙafa da gorar ruwa, domin gora ɗaya ta shige ƙarƙashin birki ta isa. Batir ya zauna a ɗaure. Hular kwano da bel dole ne, fasinja kuma mutum ɗaya tak, ba abokai huɗu a baya ba.

Idan an gama, kada a shigo a kashe mota nan take. A yi zagaye ɗaya a hankali ba tare da taka birki sosai ba, a tsaya, a ɗaga bonet, inji ya yi aiki minti 2 ko 3. Kada a ja birkin hannu, zafi zai manne takalmin da faifai. A sa wa taya waigi.

Masu tsara irin wannan rana su nemi izinin 'yan sanda, su gayyato jami'an kiyaye haɗurra da na KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, a ajiye motar asibiti da tukwanen kashe gobara a bakin fili. A ƙofar shiga a zaunar da bakanike biyu da takardar dubawa. Wanda ba shi da lasisi, ko motarsa na ɗigar mai, ya koma cikin 'yan kallo, ko ɗan waye shi.