Wai Bature Ba Ya Raina Aiki

Akwai wata magana da ake yawan yi a majalisu a gida, ni ma na sha yin ta kafin in zo ƙasar nan: wai Bature ba ya raina aiki. Za ka ji ana cewa a Ingila in aka sallami manajan banki yau, gobe za ka gan shi yana shara a tashar jirgin ƙasa babu mai ɗaga kai ya kalle shi, jibi kuma ya koma kujerarsa kamar ba a yi ba. Batun sharar da rashin kallon, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Batun komawa kujerar ne na ɗanɗana da kaina, kuma ba haka abin yake ba.

A ƙarshen 2023 kamfanin da nake yi wa aikin lissafi a Birmingham ya rage ma'aikata, guguwar ta haɗa da ni bayan shekara tara. Ba laifi na yi ba, kujerar ce aka ce an daina bukatarta. A nan doka ta tsara abin. In ka kai shekara biyu a wuri dole a biya ka kuɗin sallama: albashin mako ɗaya kan kowace shekarar da ka yi kana tsakanin 22 da 40, mako ɗaya da rabi kan wadda ka yi daga 41 zuwa sama. Sai dai an yi wa albashin makon iyaka, a shekarar fam 643 ne komai tsokar abin da kake ɗauka. Nawa ya kama na mako goma da rabi. In ka juya shi zuwa naira sai ka ce na yi arziki. In ka ajiye shi kusa da bashin gida da harajin ƙaramar hukuma da kuɗin ɗumama ɗaki a tsakiyar hunturu, wata uku bai cika ba ya yi sallama.

Ita ma gwamnati ba ta ba ka damar yanga. Tun 2022 aka rage wa'adin da mai karɓar tallafi yake da shi na neman aiki irin nasa daga wata uku zuwa mako huɗu. Daga nan duk aikin da ya samu wanda zai iya sai ya kama, in ba haka ba a taɓa tallafin. Ni dai ban jira an tura ni ba. Na bi ta hannun dillalan ma'aikata na samu aikin dare a wani katafaren sito a bakin babbar hanya. Riga mai ƙyalli, takalmi mai ƙarfe a baki, ga wata na'ura a hannu tana ƙirga kwali nawa ka ɗauka a awa. Ladan awar ya ɗan ɗara fam 10.42, mafi ƙarancin albashi na lokacin.

Ranar farko da na dawo da asuba cikin rigar, na yi kiciɓis da maƙwabcina, wani dattijon Bature da ya saba ganina da kwat. Gabana ya faɗi, na fara shirya bayani a zuci. Ya ɗaga mini hannu, ya yi ƙorafin sanyi, ya ja karensa ya wuce. A siton ma haka. Akwai wanda ya koyar a sakandare a ƙasarsu, akwai wani Basudane mai harhaɗa magunguna, akwai Baturen da ya taɓa riƙe kanti guda. Babu mai tambayar me kake a da. Har na fara cewa lallai 'yan majalisarmu sun yi gaskiya.

Takardun neman aiki ne suka farkar da ni. Wata biyu ina aikawa, da aikin siton rubuce a saman tarihin aikina, don a ga ba zaune nake ba. Shiru kake ji. Wata daga cikin dillalan da ke samar wa akantoci aiki ce ta tausaya mini, ta ce in cire layin nan. Ta ce mai ɗaukar aiki yana da takarda ɗari a gabansa, layin farko yake dubawa, in ya ga sito ya gama yanke hukunci kafin ya kai ga shekara taran da ke ƙasa.

Na daɗe ina juya maganarta. Abin da ke zuciyar mai ɗaukar aikin ba ƙiyayya ba ce, zato ne, kuma zaton ya fi ƙiyayya wuyar magani tunda ba a furta shi. Yana cewa da mutumin nan gwani ne da wani ya riga ni ɗauke shi. Yana cewa hannunsa ya yi tsatsa, dokokin haraji sun sauya, manhajar lissafi ta sauya. Sannan in ka sauko ka nemi ƙaramar kujera a fagenka, sai a juya maka zancen: ai ka fi ƙarfin aikin, wata shida za ka yi ka gudu, ko kuma shugaban sashen da ka girme wa ya ji tsoron kada ka fi shi sani. Gaba kura, baya sayaki.

Kada a ce ɓacin raina ne ke magana. Wani masanin zamantakewa a Amurka, David Pedulla, ya gwada abin ya wallafa sakamakon a 2016. Ya aika takardun neman aiki na ƙirƙira 2,420 zuwa guraben aiki na gaske 1,210 a birane biyar. A cikin maza, waɗanda takardarsu ta nuna suna kan cikakken aiki daidai da iliminsu, kimanin 10 cikin 100 aka kira. Waɗanda suka yi shekara suna aikin da bai kai iliminsu ba, waɗanda aka kira ba su kai 5 cikin 100 ba, kusan daidai da waɗanda suka yi shekarar a zaune. Ka ji fa. Wanda ya tashi ya yi dako da wanda ya kwanta a gida, a idon mai ɗaukar aiki kusan jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Mu kuma akwai ƙarin kaya a kanmu, domin binciken da aka yi a kwalejin Nuffield ta Jami'ar Oxford a 2019 ya nuna mai asali daga Najeriya sai ya aika takardu kusan ninki biyu na Baturen da suke da ilimi ɗaya kafin a kira shi.

Su kansu Turawan Birmingham sun san wannan ciwon. A 2005 kamfanin motoci na MG Rover da ke Longbridge ya durƙushe, mutum kusan 6,000 suka rasa aiki. Da aka bi sawunsu bayan shekara uku, an tarar kimanin tara cikin goma suna aiki, amma mafi yawansu da albashin da bai kai na da ba. Tsanin saukowa yana nan a buɗe, na hawa ne aka ɗauke.

A daidai shekarun nan ne masaƙun Kakuri a Kaduna suke rufewa ɗaya bayan ɗaya, kuma can ne tunanina yake komawa duk lokacin da na tuna darare na a sito. Kawuna shugaban sashe ne a ɗaya daga cikinsu, mutum mai Vespa da agogo, wanda in ya shigo unguwa yara ke rige-rigen karɓar jakarsa. Da aka rufe ƙofa, sa'o'insa da yaransa suka watsu, wasu acaɓa, wasu gadi, wasu suka koma ƙauye noma. Shi ya zauna jiran haƙƙinsa. Kusan shekara uku yana saka manyan kaya da safe yana zuwa taron tsofaffin ma'aikata, gidan kuma man gyaɗa da ƙuliƙulin matarsa ke riƙe da shi. Babana ya ce zai saya masa babur. Ya ce, "Yaya, yaron da nake ba umarni jiya, shi zai hau bayana ya ce in tsaya a nan?" A lokacin na ɗauka girman kai ne tsagwaronsa. Sai da gabana ya faɗi a gaban Bature mai kare na gane abin da ya ji.

Daga ƙarshe Legas ya tafi ya yi gadi, kuma wannan dabara ce da Bahaushe ya daɗe da ita. Ɗan ci-rani zai yi ga-ruwa da yankan farce da wankin takalmi a Kurmi, abin da ko an ɗora masa wuƙa ba zai yi a ƙofar gidan ubansa ba. Ba aikin muke kunya ba, idon sani muke kunya. Mu da ke Turai ma ci-ranin ne, illa dai namu da jirgin sama. Nawa ne a cikinmu ke wankin tsofaffi a gidajen kula da su, ko tsayuwar gadi a ƙofar kanti, amma hoton da ake turawa gida na jikin mota ne a bakin wani dogon gini? (Ban cire kaina ba. Har na bar siton, mahaifiyata Hajiya ba ta san da zancensa ba.) Wanda ma ya zo da bizar da ke ɗaure da kamfani ba shi da gatan yin dakon, domin in an sallame shi kwana 60 ake ba shi ya samu wani mai tsaya masa ko ya tattara.

Mun iya magana mai daɗi a kan sana'a. Muna cewa babu maraya sai rago, muna cewa da zaman banza gara aikin kishiya. Malamai suna karanta mana hadisin da ya nuna mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa roƙo. Amma bari a zo neman aure a ce yaron yana da digiri, a da yana banki, yanzu Adaidaita Sahu yake ja, ka ga yadda fuskar waliyyi za ta sauya. Takardar boko a wurinmu rawani ce, shi kuwa mai rawani ba a son ganinsa da kaya a ka.

To sai dai akwai abin da ya faru da Kawu wanda ba na jin zai faru a Birmingham. Bayan shekara biyu a Legas wani Alhaji a Kantin Kwari ya neme shi ya riƙe masa shago. Ya san yadi kamar yunwar cikinsa, wannan ɗaya. Na biyu, wanda ya haɗa su ya faɗa wa Alhajin cewa mutumin nan ya yi gadin sito cike da kaya shekara biyu ko allura ba ta ɓata ba. Gadin da ya ɓoye wa unguwa shi ne ya zame masa shaida. Ɗan kasuwar gida ba takarda yake karantawa ba, mutum yake karantawa, amana yake nema, kuma yana tambayar wanda ya san ka. A nan kuwa takardarka takan bi ta na'ura kafin ta isa hannun ɗan Adam, babu mai tsayawa ya ce ai na san shi.

Ba ina yabon gida ba ne gaba ɗaya. Wannan sanayyar ita ce kuma ke rufe ƙofa ga wanda ba shi da kowa. Ofisoshinmu na boko kuwa sun fi na Turawa rashin imani. Tun da aka haɗe bankuna a 2005 suka koma 25 daga 89, kowa ya san wani tsohon ma'aikacin banki da bai sake ganin cikin ofis ba, domin tallan ɗaukar aiki yakan zo da iyakar shekaru, ɗan shekara arba'in ba ya ma cikin lissafi. A Ingila doka ta hana a ƙi ka don shekarunka, ko da yake ana yi a ɓoye. Dokar ƙwadago ta Najeriya ba ta yanka wa yawancin waɗanda aka rage wani adadi ba, cewa ta yi mai kamfani ya yi iya ƙoƙarinsa a daidaita. Abin da mutum ke da tabbas a kai shi ne kashi 25 cikin 100 na asusun fanshonsa, in ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba.

Duk da abin da na gani, in ƙanena ya kira ni yau ya ce an sallame shi, cewa zan yi ya kama abin da ya samu. Tunda zama da dako kusan farashinsu ɗaya a wurin mai ɗaukar aiki, gara wanda ke kawo cefane. Kuma a ƙasar nan in ka kasa biyan bashi, tabon shekara shida yake yi a tarihinka, ya fi layin sito daɗewa. Abin da zan ƙara masa shi ne kada ya yaudari kansa cewa za a yaba masa, kuma in ya samu zaɓi ya ɗauki aikin wucin gadi a fagensa ko da kuɗin bai kai ba, maimakon mai ɗan gwaɓi a wajen fage. Ni wannan ce ta fisshe ni. Na cire layin siton, na karɓi kwantiragin wata uku na shigar da rasiɗai, aikin da nake ba yara sabbin zuwa. Daga shi aka riƙe ni. Har yau albashina bai kamo na 2023 ba, kuma wanda nake kai wa rahoto na ba shi shekara goma sha biyu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sai da na ɓoye wata biyar na gumina kafin a saurare ni, kamar wanda ya yi zaman gidan yari. Shi ya sa yanzu in aka miƙo mana takardu a ofis na ga wanda ya sauko daga babbar kujera zuwa tuƙin motar kai kaya, nakan sa tasa a sama in ce a kira shi. Ba kullum ake jin maganata ba.

Hajiya dai a bakin ƙanwata ta ji labarin, bayan komai ya wuce. Ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, halal ne?" Na ce halal ne, Hajiya. Ta ce, "To Allah ya yi albarka." Har zan ajiye waya sai ta ƙara da cewa, "Amma kada ka bari surukanka su ji."