Hukuncin Kotun ECOWAS: Wa Zai Zartar Da Shi A Accra?

A watan Yulin 2005 jami'an tsaron Gambiya suka kama matafiya sama da 50 'yan Afirka ta Yamma da ke neman hanyar Turai. Kusan 44 daga cikinsu 'yan Gana ne. An miƙa su ga 'yan ina-da-kisan shugaban ƙasar na lokacin, Yahya Jammeh, da ake kira Junglers, aka hallaka su. Martin Kyere ya diro daga motar da ke ɗauke da su cikin dare, ya faɗa daji, shi ya dawo gida da labarin. A 2009 aka yi sulhu tsakanin gwamnatocin biyu, Gambiya ta ba da dala 500,000, rahoton binciken haɗin gwiwa na Majalisar Ɗinkin Duniya da ECOWAS kuma aka kulle shi a aljihun tebur. Sai a 2019 wasu daga cikin Junglers ɗin suka faɗa da bakinsu, a gaban hukumar gano gaskiya ta Gambiya, cewa umarnin kisan daga Jammeh ya fito.

Ƙasashen waje sun taɓuka abin da suka iya a kan mutanen Jammeh, bisa laifuffuka dabam-dabam. Jamus ta yi wa Bai Lowe ɗaurin rai da rai a 2023. Suwizalan ta ɗaure tsohon ministan cikin gida Ousman Sonko shekara 20 a 2024. Wata kotu a Amurka ta sami Michael Correa da laifin azabtarwa a 2025. Shi kuwa uban gayyar yana Ikwatoriyal Gini tun 2017. A Disambar 2024 shugabannin ECOWAS suka amince a kafa kotu ta musamman kan laifuffukan zamaninsa, kuma ya kamata Gana, wadda ta fi kowa asarar rayuka a wancan kisa, ta kasance a sahun gaba wajen zuba kuɗi da miƙa shaidu.

Sai dai akwai gyaran da ke jiranmu a gida. A Yulin 2024 Kotun ECOWAS da ke Abuja ta yanke hukunci a ƙarar da ɗan ɗaya daga cikin matafiyan da suka ɓace a 2005 ya shigar, ta ce Gana ta tauye masa haƙƙin samun bayani, ta umarce ta da ta ba shi takardun binciken. Tambayar da ke ci mini tuwo a ƙwarya ita ce: idan gwamnati ta yi kunnen uwar shegu da irin wannan umarni, wace ƙofa mai ƙara zai buga a Accra?

An taɓa gwadawa. A 2013 kotun ta umarci Gana ta biya wani ɗan kasuwa ɗan Najeriya diyyar dala 800,000. Da ya kawo hukuncin Babbar Kotu a Accra don a zartar, aka gaya masa a 2016 cewa ba ta da hurumi, domin majalisar dokoki ba ta mayar da yarjejeniyar kotun dokar ƙasa ba. Alƙalin bai ƙirƙiro wannan ba. A tsarinmu, sa hannun shugaban ƙasa bai isa ba. Sashe na 75 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ce sai majalisa ta amince, kuma kotunanmu ba sa aiki da yarjejeniya sai ta shiga doka. Abin kunya ne ga ƙasar da ɗanta, Mai Shari'a Edward Amoako Asante, ya shugabanci kotun tun daga 2018 har tsawon shekara shida, ƙasar da ta karɓi baƙuncin zaman kotun a Accra a 2022.

Mu mutanen zango muka fi kowa buƙatar wannan kotu ta zama mai haƙori. Daga Nima, Mamobi da Sabon Zango har Aboabo da Asawase, arzikinmu a kan hanya yake: goro, albasa, shanu, kayan gwari, tuƙin manyan motoci. Wanda ke ƙetare iyakar Aflao ko Elubo shi ke haɗuwa da tsarewa ba bisa ƙa'ida ba, da duka a shingen bincike, da ƙwace kaya. Tun 2005 aka ba kotun ikon sauraron ƙarar mutum ɗaya a kan gwamnati, kuma ba sai ya gama zagaye kotunan ƙasar da aka zalunce shi ba. Ta wannan ƙofa Hadijatou Mani ta kayar da gwamnatin Nijar a 2008 kan bautar da ita da aka yi, aka yanke mata diyyar sefa miliyan 10, kuma Nijar ta biya.

Sharuɗɗan ba su da yawa, amma a kansu ake tuntuɓe. Gwamnati ake kai ƙara, ba ɗan sandan da ya yi dukan ba. Dole mai ƙara ya bayyana sunansa. Kada maganar ta kasance tana gaban wata kotun ƙasa da ƙasa, kamar Kotun Afirka da ke Arusha. Ana rubuta ƙara da Turanci ko Faransanci ko harshen Fotugal, gwamnati kuma tana da wata guda ta mayar da martani. Dokar ta ambaci wa'adin shekara uku na shigar da ƙara. Kotun ta sassauta a kan zaluncin da bai yanke ba, irin ɓatar da mutum, amma mai hankali ba ya jingina da sassauci.

Inda ƙararrakin talakawa suka fi mutuwa shi ne hujja. Wanda aka doka ya je asibiti a ranar, ya karɓi rahoton likita mai kwanan wata da hatimi. Ya rubuta sunan shingen, lokaci, lambar mota, da lambar wayar waɗanda suka gani, kafin ayari ya watse. Idan kuwa rai aka rasa, kotu za ta fara tambayar mai ƙara: mene ne haɗinka da mamacin? Nan muke da rauni. Dokar auren Musulmi ta Gana ta ce a yi rajistar aure cikin mako guda da ɗaura shi, amma galibin aurenmu a masallaci yake farawa ya ƙare, ba takarda. Matar da ta yi shekara 20 a ɗakin mijinta za ta iya rasa bakin magana a gaban alƙali saboda wannan. Malamanmu limamai da sarakunan zango, wannan aikinku ne: ranar ɗaurin aure a yi maganar rajista, ranar suna a yi maganar takardar haihuwa.

Masu adawa da ba hukuncin Abuja ƙarfi suna cewa zai zubar da girman Kotun Ƙolinmu, kuma kotun ba ta da matakin ɗaukaka ƙara. Magana ta biyu gaskiya ce, kuma ina goyon bayan a kafa sashen ɗaukaka ƙara, don alƙalai biyar suna iya kuskure. Ta farkon ba ta da tushe: kotun ta sha faɗa cewa ita ba wurin ɗaukaka ƙara ba ce a kan kotunan ƙasashe, abin da take dubawa shi ne ko gwamnati ta cika alkawarin da ta sa wa hannu. Kuma a tuna wanda ya taɓa neman karya mata fukafukai. Gwamnatin Jammeh ce, a 2009, bayan an kayar da ita a shari'ar ɗan jarida Ebrima Manneh da ya ɓace a hannun jami'anta. Sauran ƙasashe suka ƙi.

Ficewar Mali da Burkina Faso da Nijar daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025 ta rufe wannan ƙofa ga sabon zaluncin da zai sami direbanmu bayan ya wuce Paga, kan iyakarmu da Burkina Faso. Abin da ya rage kuwa a riƙe shi da kyau. Doka gajera ce ake nema: ta amince da yarjejeniyoyin kotun na 1991 da 2005, ta ba Babbar Kotu ikon rajistar hukuncin ta zartar da shi kamar nata, ta sa wa Antoni Janar wa'adin biya, ta kuma wajabta masa kai rahoto gaban majalisa duk shekara. 'Yan majalisar Ayawaso da Asawase suna zuwa mana sallar Idi da ta'aziyya. In sun zo, a tambaye su ranar da za su gabatar da ƙudirin.